Injin Lanƙwasa Mazurarin Rufi a Wurin Aiki: Me Ya Kamata Mai Saye Ya Fara Dubawa?

Duk mai bibiyar bidiyon gine-gine a Facebook ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan ba: mota ta tsaya a ƙofar wani gida, an buɗe bayanta, wani inji mai kama da doguwar akwati yana haɗiyar fallen alminiyam ta baya, yana kuma fito da mazurarin ruwan rufi ta gaba, dogo sambal, har sai ya kai tsawon bangon gidan sannan a datse shi. Kafintocin rufi da masu walda da matasan da ke neman sana'ar da za su zuba jari sukan yi tambaya iri ɗaya idan sun gani, wato nawa ne kuɗin injin, kuma wanne ne ya fi kyau. Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta zo kafin lokacinta. Wannan inji an ƙera shi ne domin wata kasuwa ta musamman, wadda ke da irin gidajenta da irin fallenta da irin wutar lantarkinta, kuma wanda ya saye shi bai duba waɗannan ukun a garinsa ba, zai iya wayar gari da ƙarfe mai nauyin rabin tan a shago wanda ba shi da abin da zai ci.

Mene ne mazurari marar gaɓa?

Bahaushe ya daɗe da sanin indararo, wanda ke huda rawanin soro ya cilla ruwa nesa da jikin bango. Mazurarin da ake magana a nan aikinsa ya bambanta da na indararo. Kwali ne na ƙarfe mai buɗaɗɗen baki da ake kwantarwa a ƙarƙashin leɓen kwano, daga wannan kusurwar gida zuwa waccan, ya tare duk ruwan da ke gangarowa, ya kora shi zuwa bututun da zai sauke shi ƙasa ko cikin tanki.

A da, kuma har yanzu a wurare da yawa, ana sayen irin wannan mazurari ne guntu-guntu, kowane guntu mita 3 ko 4, na ƙarfe ko na roba, a riƙa haɗa su da ƙusa da gam. Kowace mahaɗa wuri ne da yoyo zai iya farawa, domin rana tana busar da gam, ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, ƙasa da ganye kuma suna maƙalewa a bakin gaɓa su riƙe danshi. Dabarar marar gaɓa ita ce a yi kowane ɓangaren gida da falle ɗaya tak. Tun da ba za a iya ɗauko kwali mai tsawon mita 18 daga masana'anta a bi titi da shi ba tare da ya lanƙwashe ba, sai aka juya lamarin: a kai masana'antar ƙofar gida.

A nan ne rashin fahimta ta farko take. Sunan “marar gaɓa” yana sa mutane su ɗauka cewa babu mahaɗa ko ɗaya a jikinsa, alhali kuwa akwai ta a kowace kusurwa, akwai ta a murfin da ke toshe kowane ƙarshe, akwai ta kuma a inda aka huda domin bututun saukar ruwa. Abin da inji ya kawar shi ne mahaɗar tsakiyar hanya kawai. Sauran duk aikin hannu ne, kuma yawancin yoyon da ake samu a irin wannan mazurari daga nan yake fitowa.

Daga ina injin ya fito, kuma yaya yake aiki?

Sana'ar ta samo asali ne a Amurka a shekarun 1960, kuma ana danganta injin farko na tafi-da-gidanka ga Art Knudson, wanda kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya yi zamansa a jihar Kolorado. A yau sunayen da suka fi fice a can sun haɗa da New Tech Machinery mai injin Mach II, da KWM Gutterman na jihar Ilinoi mai injin Ironman, da Englert na jihar New Jersey. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta fi rungumar wannan sana'a, inda ake yin mazurarin alminiyam mai faɗin milimita 125 ga gidajen zama, da mai 150 ga manyan gine-gine.

Injin ba ya narkar da komai, ba ya kuma buga falle da guduma. Ana ɗora naɗin falle a kan wani ƙarfe mai juyawa a bayan injin, a zura bakinsa tsakanin madaidaita biyu, daga nan sai ya bi ta cikin jerin rola, wato ƙarafa masu juyawa da ke matse shi, kowace tasha tana ƙara masa lanƙwasa kaɗan a kan wadda ta gabace ta, har ya fito da cikakkiyar siffa. A bakin fita akwai wuƙa mai hannu wadda aka ƙera daidai da siffar mazurarin, ita ce ke datse shi ba tare da ta murƙushe leɓensa ba. Abu guda da ya kamata a riƙe daga wannan bayani shi ne cewa siffar tana cikin rola ne. Injin da aka yi domin siffa ɗaya ba zai taɓa fitar da wata ba, komai ƙwarewar mai sarrafa shi.

Siffar da ta mamaye kasuwar Amurka ita ce wadda suke kira K, mai shimfiɗaɗɗen gindi da miƙaƙƙen baya da gaba mai lanƙwasa irin ta adon silin. Ba don ta yi kama da harafin aka sa mata sunan ba. Ƙungiyar 'yan kwangilar aikin fallen ƙarfe ta SMACNA ce ta jera siffofin mazurari da haruffa a littafinta na ƙa'idoji, wannan kuwa ta faɗo a kan K. A Turai an fi son mai siffar rabin gora, wanda ruwa ke wanke shi da kansa saboda ba shi da lungu, amma injinsa daban ne.

Tambaya ta farko ita ce falle

A ganina wannan ne ginshiƙin lamarin, kuma shi ne abin da masu talla suka fi tsallakewa. Injin K mai inci 5, wato mai fitar da mazurarin da faɗin bakinsa inci 5 ne, yana cin falle mai faɗin inci 11 da uku bisa huɗu ko 11 da bakwai bisa takwas, wato wajen milimita 300. Mai inci 6 yana cin falle mai faɗin inci 15, wato milimita 381. Wannan faɗi ba abin sasantawa ba ne: idan falle ya gaza, leɓen gaba ko bangon baya zai fito a takaice, idan ya zarce, zai cushe a cikin rola ko ya fito da tattara. A Amurka da Kanada mai sana'a yana shiga shagon kayan rufi ne ya sayi naɗin da aka riga aka yanka a wannan faɗi, an yi masa fenti, da launuka masu yawa, kuma a shagon ne zai sami kusurwoyi da murafe da maratayai da bututu masu launi ɗaya da shi. Injin ɗan ƙaramin yanki ne na wannan babban tsari.

A Najeriya kuwa naɗin alminiyam da ke kasuwa an yi shi ne domin dogon kwanon rufi, saboda haka faffaɗa ne. Kafin ya shiga injin mazurari sai an tsaga shi a tsaye, kuma tsagar tana buƙatar injinta, domin yankan almakashin hannu ba ya miƙewa yadda madaidaitan inji za su karɓa. Lissafin asara ma yana nan. Naɗi mai faɗin milimita 1,000 zai ba da tsaga 3 na mai inci 5, a bar rarar kusan milimita 100, amma tsaga 2 kawai zai bayar na mai inci 6, a bar rarar milimita 238, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarfen da aka biya kuɗinsa. Idan naɗin mai milimita 1,200 ne, lissafin ya gyaru: tsaga 4 na ƙarami kusan babu rara, ko tsaga 3 na babba da rarar milimita 57. Ke nan faɗin naɗin da mutum zai iya samu a kai a kai yana iya yanke masa hukuncin girman injin da zai saya tun kafin ya kalli kasidar kowane kamfani.

Sai kauri. Ma'aunin da aka saba da shi a Amurka shi ne inci 0.027 da inci 0.032, wato kusan milimita 0.7 da 0.8. Kwanon rufin da aka fi saye a Najeriya kuwa milimita 0.45 ne ko 0.55, mai 0.7 sai wanda ya shirya kashe kuɗi. Mutum zai iya cewa ai sai a yi amfani da wanda ake da shi, tun da ya fi araha, sai dai kwano yana kwance ne a kan katako da ke tallafe da shi, mazurari kuwa a rataye yake, yana ɗauke da nauyin ruwa da na laka, wani lokaci har da tsanin da aka jingina masa. Falle marar kauri yakan fito daga inji da kumburi-kumburi a gindinsa, ya kuma lotsa tsakanin maratayi da maratayi bayan damina ɗaya ko biyu.

Bayan kauri akwai tauri. Alminiyam ɗin da aka fi yin mazurari da shi shi ne gaurayen da ake wa lamba 3105, wanda aka taurara zuwa matsakaicin mataki. Wanda ya fi haka laushi ba ya riƙe siffa, wanda ya fi haka tauri yakan tsage a kaifin lanƙwasa, fentin da ba shi da danƙo kuma yakan fashe a daidai wurin. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce mai saye ya yanki 'yan mitoci daga fallen da zai riƙa samu a garinsa, ya aika wa mai sayar da injin, a gwada a kansa, a nuna masa abin da ya fito. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Yawancin injunan zamani suna karɓar ƙarfe mai rufin tutiya da jan ƙarfe ban da alminiyam, amma kowanne yana da iyakar kaurin da kamfani ya rubuta, kuma sauyawa daga wannan zuwa wancan yana iya buƙatar a sake daidaita inji. Haka nan ba a haɗa jan ƙarfe da alminiyam a layin ruwa ɗaya, domin ruwan da ya bi ta kan jan ƙarfe yana cin alminiyam.

Kuɗin falle shi ne babban abin da ke juya ribar wannan sana'a. Farashin alminiyam yana bin kasuwar ƙarafa ta Landan, ana kuma ƙiyasta shi da dala. Masana'antar narkar da alminiyam ta Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom ta shafe shekaru ba ta samar da abin da aka gina ta dominsa, saboda haka kasuwar cikin gida tana jin duk motsin canji, musamman tun da aka saki naira ta nemi darajarta a watan Yunin 2023. Su ma Amurkawan ba su tsira ba, tun daga harajin kashi 10 cikin 100 da aka ɗora wa alminiyam ɗin da ake shigar musu da shi a 2018, wanda aka ƙara shi a 2025.

Inci 5, inci 6, ko mai haɗa biyun?

Wannan ita ce muhawarar da ta fi zafi tsakanin masu sana'ar, kuma ana warware ta ne da lissafin ruwa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ne. Idan rufi yana da murabba'in mita 150, aka kuma yi ruwa mai ƙarfin milimita 100 a sa'a, ko da na minti goma ne, to rufin yana zubar da lita 250 a kowane minti, wato jarka 10 masu cin lita 25. Abin lura shi ne ba yawan ruwan shekara ake auna mazurari da shi ba, da ƙarfin saukarsa a lokaci guda ake auna shi. Kano ko Maradi ba su kai Fatakwal yawan ruwa a shekara ba, amma duk wanda ya ga ruwan watan Agusta a waɗannan garuruwa ya san yadda yake sauka kamar da bakin ƙwarya, tare da iska mai kora shi gefe. Ga kuma santsin kwano, wanda ke sa ruwa ya taho da gudu har ya tsallake bakin ƙaramin mazurari idan rufin yana da tsayin gangare.

Mai inci 5 yana tafiya ne da bututu mai kusurwa huɗu wanda bakinsa inci 2 ne sau 3, mai inci 6 kuma da wanda bakinsa inci 3 ne sau 4. Bakin na farko murabba'in inci 6 ne, na biyu 12, wato ninki biyu cif. Sau da yawa bututun ne ke shaƙewa kafin kwalin ya cika, saboda haka ƙara yawan bututu yana iya ceton ƙaramin mazurari. Duk da haka, ga rufin kwano mai faɗi a ƙasar da ruwa ke sauka da ƙarfi, ni dai babban na fi natsuwa da shi.

Masu goyon bayan ƙaramin suna da hujjarsu, kuma hujjar kuɗi ce. Mita 1 na mai inci 5 a kaurin 0.7 yana da nauyin kusan giram 550, mita 1 na mai inci 6 a kaurin 0.8 kuma ya haura giram 830. Bambancin ya kai rabi, kuma mai gida ne zai biya shi. A kasuwar da mutane ke tambayar farashi kafin su tambayi inganci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inji mai haɗa girma biyu yana ba da damar a yi kowanne, ana sauya shi cikin ƙasa da rabin sa'a idan hannu ya saba. Sai dai ya fi tsada, ya fi nauyi, kowace sauyawa kuma dama ce ta a ɓata daidaito, sannan dole a ajiye naɗi iri biyu da kayan haɗi iri biyu, wanda ke nufin jari ya kwanta sau biyu. Ga ɗan kwangilar da ke yin gidajen zama da makarantu da rumbunan ajiya a lokaci guda, yana da amfani. Ga wanda ke farawa, girma ɗaya da ya dace da fallensa da ruwan garinsa ya fi sauƙin riƙewa.

Rolar ƙarfe da rolar roba

A tsofaffin injuna, rolar ƙarfe ɗaya ce ke jan falle, ita ce kuma ke lanƙwasa shi. Tsari ne mai juriya, amma tazarar da ke tsakanin rolar sama da ta ƙasa dole ta yi daidai da kaurin falle, don haka duk sauyin kauri sai an kama sufana. Masu irin wannan inji sukan bar guntun falle a cikinsa idan za su yi tafiya, domin kada rola su riƙa bugun juna a hanya mai gargada. A shekarun 1990 aka fara yaɗa wani tsari da ya raba aikin biyu: rola masu rufin roba mai tauri, wadda ake kira foliyuritan, su ne ke jan falle ta tsakiya, rolar ƙarfe marar tsatsa kuma suna gefe suna juyawa sakaka, aikinsu lanƙwasa kawai. Wannan ya rage ƙarzar fenti, ya kuma sa inji ɗaya yana karɓar kauri daban-daban ba tare da yawan taɓawa ba. Yawancin sababbin injuna a yau haka suke.

Sai dai robar tana tsufa. Zafin rana da wasu mayukan wanke inji suna busar da ita ta tsattsage, ƙurar hunturu kuma idan ta kwanta a kanta sai ta riƙa zamewa ko ta bar tabo a fenti. A ƙasar da inji zai yini a bayan buɗaɗɗiyar mota a watan Afrilu, murfi da rumfa suna cikin kuɗin inji, kuma yana da kyau a sayi rolar roba ta ajiya tun a odar farko.

Gudun inji kuwa, wanda masu talla ke rubutawa da manyan haruffa, bai cancanci dogon tunani ba. Wani yana fitar da kusan mita 15 a minti, wani kusan mita 10. Gidan da ke buƙatar mita 60 zai ɗauki minti 4 a wannan, minti 6 a wancan, alhali awo da hawa tsani da haɗa kusurwa za su cinye yini guda.

Wutar lantarki da ɗaukar kaya

Injin da aka ƙera domin kasuwar Amurka yana zuwa ne da moto, wato na'urar da ke juya rola, mai ƙarfin doki uku bisa huɗu, kusan wat 560, wanda ke aiki da wuta mai bolt 110 zuwa 120 da bugu 60 a daƙiƙa. Wutar Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru bolt 220 zuwa 230 ce da bugu 50. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙaramar taransifoma ta raba gardama. Taransifoma tana rage bolt ne kawai, ba ta taɓa bugun, don haka moton zai juya da kashi biyar bisa shida na gudunsa, zai kuma fi saurin ɗaukar zafi. Manyan kamfanonin suna da zaɓin moto mai bolt 220 da bugu 50, kuma rubuta wannan a takardar oda ya fi sauya moto bayan inji ya iso sauƙi nesa ba kusa ba. Injunan da ake ƙerawa a Sin yawanci ana iya yin odarsu da irin wutarmu tun daga farko.

Tun da sabon gini ba kasafai yake da wuta ba, janareta na cikin kayan aiki. Moto yana jan wuta ninki da yawa a daƙiƙar da ya tashi, kuma wannan inji tashi da tsayawa ne aikinsa, saboda haka janaretan da ƙarfinsa ya yi daidai da wat 560 ba zai ɗauke shi ba. Doguwar waya siririya ita ma tana rage ƙarfin wuta kafin ta isa, tana ƙona moto a hankali.

Kalmar tafi-da-gidanka tana iya ruɗin mutum ya zaci abu ne da mutum biyu za su ɗaga. Tsawon injin daga kusan mita 2 da rabi ne zuwa mita 3, nauyinsa daga kusan rabin tan zuwa sama da kilo 600, kowane naɗin falle kuma yana iya kaiwa kilo 150 ko fiye. Wurin zamansa shi ne cikin rufaffiyar mota ko tirela, a ɗaure da noti a kan daɓe mai ƙarfi, domin idan gindin ya murɗe, jerin rola ya goce. Alamar gocewa a bayyane take: mazurari ya fito yana ɗaga kai sama, ko yana sunkuyawa, ko yana karkata zuwa bango ko nesa da shi. Kowace daga cikin waɗannan tana da notin da ake juyawa a gyara ta, kuma sanin wane noti ne, da kuma iya haƙurin juya shi kaɗan-kaɗan ana gwadawa, shi ne ainihin ƙwarewar mai inji. A hanyoyinmu masu ramuka, wannan ilimi zai yi aiki fiye da yadda yake yi a inda aka ƙera injin. Akwai kuma buƙatar fili a gaban motar wanda ya kai tsawon mazurarin, da 'yan sanduna masu rola da za su tallafe shi yayin da yake fitowa, abin da ke da wuya a lungunan tsohon gari.

Sabo, na hannu, ko na Sin?

Sabon injin Amurka mai haɗa girma biyu yakan haura dala 10,000 kafin a yi maganar jirgin ruwa da kwastan da ɗauko shi daga tashar Apapa ko Onne. Abin da ake biya a ciki, ban da ƙarfe, shi ne littafin bayani mai kyau, da garanti, da tabbacin cewa bayan shekara goma za a sami wuƙa ko rola da ta dace. Injunan Sin, waɗanda garuruwa irin su Botou a lardin Hebei da Xiamen da Wuxi suka shahara wajen ƙera danginsu, sun fi araha ƙwarai, kuma ingancinsu ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta. Wasunsu an yi su ne domin a girke a masana'anta, da wuta mai layi uku da wuƙar da mai ke turawa, ko da yake hoton talla yana kiran su na tafi-da-gidanka. Nauyi da irin wutar da aka rubuta a takarda su ne ke tona wannan.

Na hannu yana iya zama ciniki mai kyau, domin waɗannan injuna suna daɗewa idan an kula da su. Amma ba a sayensa da hoto. Sai an ga ya fitar da aƙalla mita 8 ko 10 a jere, an kwantar da abin da ya fito a ƙasa an hango shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, an duba fenti ko akwai ƙarza, an ji ƙarar sarƙa da boris, an kuma tabbatar kamfanin da ya ƙera shi yana nan yana sayar da kayan gyaransa. Guntu mai mita 1 kowane inji yana iya fitar da shi a miƙe.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar sayen inji ko kaɗan. A Amurka wasu masu inji sana'arsu ita ce su je wurin aikin wani, su lanƙwasa masa tsawon da ya auna, su ajiye su tafi, shi kuma ya ɗaura. Inji ɗaya a gari yana iya ciyar da kafintoci da yawa ta wannan hanya, kuma ga mai jari ɗaya tilo wannan tsari yana iya fin neman kwangila da kansa saurin mayar da kuɗi.

Abin da ya shafi mai gida

Ba kowane gida ne ke karɓar wannan mazurari ba. Yana buƙatar leɓen kwano da ya zarce bango, da miƙaƙƙen katakon goshi mai ƙwari da za a ɗaure maratayai a jikinsa. Gidajen da aka ɓoye rufinsu a bayan rawanin bulo, waɗanda suka yi yawa a sababbin unguwannin biranen Arewa, magudanar kankare suke da ita a ciki, soron ƙasa kuma indararonsa ya ishe shi. Wanda zai sayi inji ya kamata ya zaga unguwannin da yake sa ran samun aiki, ya ƙirga rufin da suka dace, ya kuma tuna cewa abokin gogayyarsa shi ne mazurarin roba mai araha, da kuma al'adar barin ruwa ya zuba ƙasa kawai.

Ga mai gidan da rufinsa ya dace, amfanin a fili yake. Ruwan da ke zuba daga leɓen kwano yana fallatsa a gindin bango, yana cin filasta, yana zaizaye ƙasar da ke kusa da harsashi. Idan kuma aka tara shi, rufi mai murabba'in mita 150 a garin da ke samun milimita 800 a shekara yana karɓar lita 120,000, ko da yake ruwan farkon damina, wanda ke wanko ƙurar rani da kashin tsuntsaye, ana barinsa ya zube kafin a juya bututu zuwa tanki.

Abin da mai gida zai tambayi ɗan kwangila bai wuce kaurin falle da tazarar maratayai da gangare da yawan bututu ba. Maratayai a bar kusan santimita 60 tsakaninsu, gangare kuma kusan milimita 2 a kowace mita zuwa wajen bututu, domin ruwan da ya kwanta a mazurari gidan sauro ne. Sai kuma tsawo, wanda shi ne abin alfaharin injin, amma yana da iyaka. Alminiyam yana miƙewa da milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri 1. Mazurari mai mita 20 da ya kwana cikin sanyin asubar hunturu, ya kuma yini a rana har jikinsa ya ƙaru da digiri 40, zai miƙe da sama da milimita 18. Idan an ɗaure shi tamau a ƙarshe biyu, wannan miƙewa za ta fito ne a matsayin lanƙwasa a tsakiya ko tsagewar gam a kusurwa. Shi ya sa ƙa'idar SMACNA ta nemi a bar mahaɗar numfashi, wato wadda ke ba ƙarfe damar miƙewa da tsukewa, a kusan kowace ƙafa 50, wato mita 15, ko da inji yana iya fitar da ninkin haka a jere.